Daga Aji zuwa Bincike: Abin da Aikin Tantance Shirye-shiryen Ilimi Yake Bukata

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, ina da digiri na farko a fannin ilimi, kuma na daɗe ina koyarwa. Lokaci zuwa lokaci masu bincike sukan zo makarantarmu su gwada yara, su cike takardu, su tafi, daga baya sai mu ji an ce rahoto ya nuna kaza da kaza. Aikin yana ba ni sha'awa, kuma ina ganin akwai abubuwan da suke tsallakewa waɗanda mu da muke cikin aji muka sani sarai. Mene ne ainihin aikin waɗannan mutane, wace ƙwarewa ake nema, kuma ta ina mutum irina zai fara? Dole sai na yi digiri na uku? Ga shi ba ni da ƙarfi a lissafi."

Wa alaikumus salam, Malama. Abu uku kike son sani: me masu wannan bincike suke yi, wane sani ake bukata kafin a shiga sahunsu, sannan ko raunin lissafi da rashin babban digiri za su tare miki hanya. Bari in fara da na ƙarshen don hankalinki ya kwanta. Mafi yawan ayyukan fannin ba sa neman digiri na uku. Lissafi kuwa babu makawa, amma ƙididdiga ce ake bukata, kuma babban mutum mai naci yana iya koyon tushenta yana kan aikinsa. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne mutum ya saba tambayar kansa, duk lokacin da aka ce wani shiri ya yi nasara: da ba a yi shirin ba, me zai faru da yaran nan? A kan wannan tambaya sana'ar ta ginu, kuma da ita ake gane gwani.

Su wane ne a bayan masu cike takardun

Waɗanda kika gani a makarantarku yawancinsu masu tattara bayanai ne, ana ɗaukarsu na 'yan makonni, a horar da su, a tura su da kwamfutar hannu. Bayansu akwai mutane iri-iri da aikinsu ya sha bamban. Akwai jami'in sa ido da tantancewa, wanda yake cikin shirin kansa yana bin diddigin abin da aka yi: littattafai nawa aka raba, malamai nawa aka horar, shin kayan sun isa kafin zangon karatu ya yi nisa. Akwai mai binciken tasiri, wanda damuwarsa ita ce ko shirin ne ya sa yara suka ƙara sani. Akwai masanin tsara gwaji, irin wanda hukumomin jarrabawa suke ɗauka, mai tabbatar da cewa tambayoyin suna auna abin da aka ce suna aunawa. Akwai kuma jami'in tsare-tsare a ma'aikatar ilimi, mai aiki da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, yana hasashen yara nawa za su shiga aji ɗaya nan da shekara biyar, malamai da azuzuwa nawa za a bukata, da abin da hakan zai ci a kasafin kuɗi. Wannan na ƙarshe ba a cika jin sunansa ba, amma alƙalaminsa ya fi na kowa kusa da inda ake yanke hukunci.

Tun 1967 masanin fannin nan Michael Scriven ya raba tantancewa gida biyu: wadda ake yi shiri yana tafiya domin a gyara shi, da wadda ake yi a ƙarshe domin a ce a ci gaba ko a daina. Rabon yana aiki har yau, kuma rigima da yawa tsakanin mai bincike da mai ba da aiki ta samo asali ne daga rashin fayyace wacce ake so tun farko. Za ki kuma riƙa cin karo da ma'aunai shida na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, kamar yadda aka sabunta su a 2019: dacewar shiri da bukata, jituwarsa da sauran shirye-shirye, cimma manufarsa, tattalin kuɗi da lokaci, tasirinsa, da ɗorewarsa. Kusan duk takardar sharuɗɗan aiki da ƙungiyoyin raya ƙasashe suke fitarwa a kansu take dogara, don haka ki san su.

Da me aka kwatanta?

Mu ɗauki misali. An kawo shirin koyar da karatu a makarantu 40. A farkon shekara yaran aji biyu suna karanta kalma 12 daidai a minti ɗaya, a ƙarshen shekara suna karanta 25. Masu shirin za su so su rubuta cewa sun ninka ƙwarewar yara. Ke da kike aji kin san yaro yana ƙaruwa cikin shekara ko da ba a kawo komai ba. Idan makarantu masu kama da waɗannan da ba su samu shirin ba sun tashi daga 12 zuwa 21, to ribar shirin kalma 4 ce kawai. Sauran ƙaruwar aikin malaman da suke nan tun da ne, da kuma girman yaran.

Matsalar ita ce samun makarantun da suka yi kama da gaske. Idan shugabannin makarantu ne suka nemi shiga shirin da kansu, wataƙila su ne masu himma tun asali, kuma makarantunsu za su yi fice ko babu shiri. Idan kuma an zaɓi makarantun da suka fi kowa faɗuwa a jarrabawar bara, akwai wani tarko da yake kama har ƙwararru: wasu daga cikinsu sun faɗi ne saboda tsautsayin wannan shekara, malami ya yi jinya ko an rufe makaranta na wani lokaci, kuma bana za su ɗan farfaɗo da kansu. Mai shiri zai ga makin ya hau ya ɗauka aikinsa ne.

Hanya mafi tsabta ita ce ƙuri'a. A tara makarantun da suka cancanta, ƙuri'a ta raba su biyu, rukuni ɗaya ya samu shirin yanzu, ɗayan ya jira. Tunda ba wanda ya zaɓa da hannunsa, bambancin da aka gani a ƙarshe ana iya jingina shi ga shirin. Wannan hanya ce cibiyar binciken yaƙi da talauci ta J-PAL, wadda aka kafa a jami'ar MIT ta Amurka a 2003, ta yaɗa a ƙasashe masu tasowa, kuma a kanta ne Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer suka samu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Amma sau da yawa ƙuri'a ba ta yiwuwa, ko don gwamnati ta riga ta zaɓi inda za ta fara, ko don dokar ta shafi ƙasa baki ɗaya. A nan sai a koma ga wasu dabaru. Ɗaya ita ce a auna rukunonin biyu kafin shiri da bayansa, a kwatanta yawan ƙaruwar kowanne, bisa sharaɗin cewa a shekarun baya tare suke hawa da sauka. Wata kuma ana amfani da ita idan akwai layin cancanta, misali tallafin karatu ga wanda ya ci maki 60: yaron da ya ci 59 da wanda ya ci 61 kusan ɗaya suke, sai a kwatanta makomar waɗanda suke dab da layin ta sama da ta ƙasa. Kowace dabara tana da sharaɗin da in ya karye sakamakon ya lalace, kuma gwani shi ne mai faɗin sharaɗin a fili ya kuma gwada shi.

Ga wani abu da sababbin shiga suke yawan kuskurewa: yawan makarantu ya fi yawan yara muhimmanci. Yaran makaranta ɗaya suna kama da juna, malaminsu ɗaya, unguwarsu ɗaya, don haka yaro na ashirin da kika gwada a can bai ƙara miki labari mai yawa a kan na sha tara ba. Akwai lissafi mai sauƙi na wannan. A cire 1 daga yawan yaran da aka gwada a kowace makaranta, a ninka da ma'aunin kamanceceniyar yaran makaranta ɗaya, a ƙara 1. Idan yara 20 ne, ma'aunin kuma 0.2, wanda ba baƙon abu ba ne a makin jarrabawa, za a samu 4.8. Da wannan lamba ake raba yawan yaran da aka gwada, ma'ana yara 2,000 daga makarantu 100 nauyinsu bai wuce na yara kusan 417 da aka tsinto ɗaiɗaiku ba. Shi ya sa binciken da aka yi a makarantu shida, uku da shiri uku babu, ba ya iya tabbatar da komai ko da an gwada kowane yaro a cikinsu. Ana yin wannan lissafi kafin a kashe ko sisi a fili, domin bayan an tattara bayanai babu gyara.

Awo, inda malami yake da rinjaye

Duk kyan tsarin bincike, idan gwajin ya gurɓata an yi aikin banza. A nan ne abin da kika ce kuna gani a aji yake da daraja. Ɗauki gwajin karatun ƙananan azuzuwa da ake kira EGRA, wanda aka ƙirƙiro a 2006 kuma ake amfani da shi a ƙasashe da harsuna masu yawa. Ana zama da yaro shi kaɗai, a ba shi haruffa, da kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana don a ga ko yana haɗa sauti ne ko haddace siffar kalma ya yi, da ɗan gajeren labari, ana ƙirga abin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Idan ya tsaya daƙiƙa uku a kan kalma sai a ce ya wuce, idan ya kasa layin farko gaba ɗaya sai a dakatar da wannan sashe don kada a wahalar da shi. Dokoki ne masu sauƙin faɗa, amma mai gwaji ɗaya zai yi sassauci wani ya tsananta, wani zai taimaka wa yaro da ido ko da murya ba tare da ya sani ba. Don haka ake sa masu gwajin duka su saurari karatu ɗaya su ba da maki, a kwatanta da makin da aka riga aka tabbatar, kuma ana neman dacewar kashi 90 cikin 100 kafin a tura mutum fili.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwajin da ya fi ƙarfin yara. Idan aka tsara shi bisa manhajar aji huɗu alhali yawancin yaran ba su wuce matakin aji ɗaya ba, kusan kowa zai ci sifili a awon farko da na ƙarshe, kuma ko shirin ya ɗaga yaro daga rashin sanin harafi zuwa karanta kalma, gwajin ba zai gani ba. Binciken ASER na Indiya, wanda ƙungiyar Pratham ta fara a 2005 tana bin gida-gida, ya kauce wa wannan da gwaji mai hawa-hawa daga harafi zuwa kalma zuwa sakin layi zuwa labarin matakin aji biyu. Da shi aka gano, shekara bayan shekara, cewa kusan rabin yaran aji biyar a karkarar Indiya ba sa iya karanta labarin aji biyu. Malamin da ya daɗe a aji yana iya duba takardar gwaji ya ce wannan tambayar yara ba za su gane umarninta ba, wannan hoton zai ruɗe su, wannan kalmar ba a amfani da ita a karin harshen yankin. Masanin ƙididdiga sai ya jira alƙaluma kafin ya gano hakan, lokacin kuɗi ya riga ya tafi. Saboda haka ba a fita babban aiki sai an yi gwajin share fage a 'yan makarantun da ba sa cikin binciken, a duba tambayar da kowa ya ci, da wadda kowa ya faɗi, da wadda masu ƙoƙari suke faɗuwa raunana suna ci, wadda galibi alama ce ta kuskure a amsar da aka tanada ko a yadda aka rubuta tambayar.

Sannan akwai zubewar yara tsakanin awon farko da na ƙarshe. Idan ranar gwajin ƙarshe yaran da suka fi rauni ne ba su zo ba, matsakaicin maki zai hau ba tare da kowa ya ƙaru ba. Mai bincike nagari yana rubuta sunan kowane yaro da lamba tun farko, ya koma makarantar karo na biyu ko ya bi yaron gida, kuma ya bayyana a rahoto kashi nawa aka rasa a kowane rukuni.

Dalilin da ya sa alƙaluma kaɗai ba sa isa

A Kenya, Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin sun yi nazarin raba littattafan karatu ga makarantun firamare na karkara, aka buga sakamakon a 2009. Matsakaicin maki bai tashi ba. Yaran da suke kan gaba tun asali ne kawai suka amfana. Dalilin yana cikin aji: littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma da yawa ba sa iya karanta su. A Peru ma an raba wa yara ƙananan kwamfutoci a wani bincike na ƙuri'a da ya shafi makarantun karkara fiye da 300, kuma bayan wata 15 ba a ga ƙaruwa a makin lissafi ko na harshe ba. Irin wannan sakamako ba ya amfanar mai tsara manufa sai an gaya masa dalili. Shin tunanin ne ba daidai ba, ko kuwa ba a aiwatar da shi yadda aka tsara ba? Amsar tana wurin wanda ya zauna bayan aji yana rubuta abin da malami yake yi kowane 'yan mintuna, wanda ya duba ko littattafan suna hannun yara ko suna kulle a ofishin shugaban makaranta don tsoron kada su yage, wanda ya iya hira da malami har ya faɗi gaskiya ba abin da yake zaton baƙo yana son ji ba. Wannan ɓangare na aikin yana da ƙa'idojinsa: yadda ake zaɓar waɗanda za a yi hira da su, yadda ake rubuta hirar kalma da kalma, yadda mutum biyu za su rarraba maganganun gida-gida kowa shi kaɗai sannan su kwatanta. A ganina tsohuwar malama da ta koyi ƙididdiga daidai gwargwado ta fi wuyar samu, kuma ta fi amfani ga tawagar bincike, a kan wanda ya ƙware a lissafi amma bai taɓa riƙe aji ba.

Daga sakamako zuwa manufa akwai wani tsalle kuma. A jihar Tenesi ta Amurka an yi gwajin STAR daga 1985 zuwa 1989, aka raba yara da malamai ta ƙuri'a tsakanin azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25, kuma yaran ƙananan azuzuwa suka fi. A 1996 jihar Kalifoniya ta rage yawan yaran ƙananan azuzuwa a faɗin jihar lokaci guda. Sai ga bukatar dubban sababbin malamai cikin gaggawa, aka ɗauki da yawa marasa cikakkiyar shaidar koyarwa, kuma makarantun marasa galihu ne suka fi samun irinsu. Ribar ba ta kai yadda aka yi fata ba. A Kenya kuma Tessa Bold da abokan aikinta sun gwada shirin ɗaukar malaman kwantiragi ta hannu biyu: inda ƙungiya mai zaman kanta ta gudanar da shi makin yara ya tashi, inda gwamnati ta gudanar ba a ga sauyi ba. Mai nazarin manufa aikinsa ke nan, ya tambayi wa zai aiwatar, da waɗanne ma'aikata, da wane kuɗi, kuma me zai faru idan aka faɗaɗa daga makarantu 100 zuwa 10,000. Dole kuma ya iya lissafin tsada: a jera duk abin da shirin ya ci, har lokacin malamai da ɗakin da aka ara, a raba da yawan yara, a kwatanta da abin da wannan kuɗin zai saya ta wata hanya.

Ta ina za ki fara

Ki fara da ƙididdiga, kuma ki bi ta a jere: matsakaici da yadda maki yake warwatsuwa, yadda ake ɗibar samfuri, iyakar kuskuren da ke tattare da kowane ƙiyasi, sannan dabarar auna alaƙar abu da abu bayan an cire tasirin wasu. Kada ki tsaya a karatu kawai, ki haɗa da manhajar kwamfuta tun makon farko. Excel ya isa a fara, amma masu ɗaukar aiki suna neman Stata ko R, wasu wuraren SPSS. R kyauta ce. Amfanin waɗannan shi ne ana rubuta umarni a ajiye, ta yadda wani zai iya maimaita duk abin da kika yi daga ɗanyen bayani har zuwa jadawalin ƙarshe. Ki koyi kuma gina takardar tambayoyi a manhajojin tattara bayanai irin su KoboToolbox ko ODK, da sanya mata shinge don kada a shigar da shekarun yaro 77 a maimakon 7.

Bayanan da za ki yi atisaye da su suna nan kyauta a intanet. Akwai na gwajin ɗalibai na ƙasa da ƙasa mai suna PISA, wanda OECD take yi wa 'yan shekara 15 tun 2000. Akwai TIMSS na lissafi da kimiyya tun 1995 da PIRLS na karatu tun 2001. Akwai PASEC na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Akwai kuma binciken gidaje na MICS da UNICEF take tallafawa, wanda zagayensa na shida ya ƙunshi gwajin karatu da lissafi ga yara 'yan shekara 7 zuwa 14. Na MICS ya fi sauƙin farawa. Ki kula da abu biyu. Kowane yaro a cikin waɗannan bayanai yana da nauyin da ke nuna yara nawa yake wakilta, kuma in ba ki yi amfani da shi ba alƙalumanki ba za su dace da na rahoton hukuma ba. A PISA da TIMSS kuma ba kowane yaro ne yake amsa duk tambayoyin ba, don haka ana ba shi ƙiyasin maki da yawa maimakon ɗaya, kuma akwai ƙa'idar haɗa su. Atisaye mafi amfani shi ne ki ɗauki jadawali ɗaya daga rahoton da aka buga, ki yi ta ƙoƙari har ki fitar da lambobin nan daidai da hannunki. Daga nan ki yi tambayarki ta kanki, ki rubuta amsar a shafi biyu: abin da aka gano, ƙarfin hujjar, da abin da ya kamata a yi. Irin wannan rubutu guda biyu ko uku sun fi takardun halartar bita goma nauyi wurin neman aiki, domin masu ɗauka da yawa sukan ba mutum ɗanyen bayani da 'yan sa'o'i su ga abin da zai fitar.

A lokacin hutu ki nemi aikin tattara bayanai, ko da kina ganin ya yi miki ƙanƙanta. Matakan da aka saba bi su ne mai tattarawa, mai kula da tawaga, mataimakin bincike mai tsaftace bayanai, manajan bincike, sannan jagoran bincike. Wanda ya bi ta nan ya san yadda ake ƙirƙirar amsa a ƙarƙashin bishiya idan rana ta yi zafi, ya kuma san maganinsa: duba tsawon lokacin da kowace hira ta ɗauka, duba wurin da na'ura ta nuna an yi ta, da sake tura wani ya maimaita wasu tambayoyi ga wani kaso na mutanen.

Digiri na biyu shi ne yake buɗe yawancin ƙofofi. Kafin ki zaɓa, ki duba jerin darussan ba sunan digirin ba: darasin ƙididdiga nawa ne, akwai na auna ƙwarewa da tsara gwaji, ana taɓa bayanai na gaske a kwamfuta? Awo da tantancewa a tsangayar ilimi zai kai ki hukumomin jarrabawa da ayyukan gwaji. Tsare-tsaren ilimi zai kai ki ma'aikata, kuma cibiyar IIEP ta UNESCO da ke Paris, wadda aka kafa a 1963, tana horar da jami'ai a wannan fanni. Tattalin arziki ko nazarin manufofin gwamnati shi ne hanyar binciken tasiri, kuma shi ya fi neman lissafi. Digiri na uku sai in kina son koyarwa a jami'a ko jagorantar bincike da sunanki, kuma gara ki yi 'yan shekaru a fili tukuna don ki shiga da tambayar da ta dame ki da gaske.

Tunda da yara za ki yi aiki, ɗa'ar bincike ba abin wasa ba ce. Ana neman amincewar kwamitin ɗa'a kafin a fara, da izinin iyaye ko na hukumar makaranta gwargwadon dokar ƙasa, da yardar yaron kansa. Ana raba sunaye da maki a ajiye su daban. Ba a nuna wa shugaban makaranta abin da wani malami ya faɗa, ko da ya nema da lalama.

Abin da ke da ɗaci a aikin

Yawancin ayyukan na kwantiragi ne, suna ƙarewa idan kuɗin shiri ya ƙare, don haka kada ki ajiye koyarwa sai kin samu abin da ya kama ƙasa. Sannan mai biyan kuɗin tantancewa sau da yawa shi ne mai shirin, kuma za a matsa miki ki sassauta harshe, ko ki laluba cikin bayanai har ki samo wani ƙaramin rukuni da ya nuna ci gaba. In aka gwada abu ashirin, ɗaya zai iya fitowa da kyau bisa sa'a kawai. Kariyarki ita ce a rubuta tun kafin tattara bayanai wane sakamako za a auna da yadda za a yi nazarinsa, a yi masa rajista a fili, kuma yarjejeniyar aiki ta fayyace wa ke da bayanan da kuma cewa za a fitar da rahoton ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ki kuma shirya wa ƙananan sakamako. Manyan gwaje-gwajen ilimi da aka yi da kyau galibi ƙaramin tasiri suke nunawa, wasu ba sa nuna komai, kuma idan kika ga rahoto yana iƙirarin sauyi mai ban mamaki cikin wata shida, ki fara duba yadda aka zaɓi makarantun da kuma ko masu shirin ne suka tsara gwajin.

Fannin yana da iyakarsa. Yana iya gaya wa minista cewa wannan hanya ta fi waccan koya wa yara karatu a kan kuɗi kaza, amma ba ya iya yanke masa ko kuɗin ya tafi firamare ko jami'a, ko wane irin mutum ake so makaranta ta fitar. Wannan hukuncin al'umma ne da shugabanninta. Abin da ake iya aunawa cikin sauƙi, karatu da lissafi, shi yake cinye hankali, tarbiyya da sauran abubuwa su koma gefe. Masanin zamantakewa Donald Campbell ya yi gargaɗi tun shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa hukunci mai nauyi, mutane za su fara murɗa shi, kuma kin ga hakan da idonki duk inda aka ɗaure ƙarin girman malami da makin jarrabawa. Rahoto mai kyau ma yana iya zuwa bayan an rufe kasafin kuɗi ya kwanta a kabad, shi ya sa ƙwararru suke tambaya tun ranar farko wane hukunci ake jira a yanke, wa zai yanke shi, kuma yaushe.

Shawarata kuma tana da iyaka, domin wace ƙofa ce ta fi buɗuwa ya danganta da ƙasar da kike da masu ɗaukar aiki a can. Ki tara tallan aiki goma sha biyar zuwa ashirin na fannin daga inda kike son yin aiki, ki rubuta abin da kowanne ya nema, ki ga wanne yake maimaituwa. Bisa abin da kika faɗa game da kanki, ni zan ce ki nufi ɓangaren awo da lura da aji tukuna: ki nemi shiga tawagar gwajin karatu a hutu mai zuwa, ki fara R da bayanan MICS a wannan zangon, ki bar zaɓen digiri na biyu sai kin ga wanne daga cikin ayyukan ya fi kama hankalinki.